Masifatu da Baƙin Ƙarfe Huɗu

Kwamfuta ɗaya. Caja biyu. Batirin ajiya mai nauyin jariri. 'Yar na'urar intanet. Takarda guda da na buga daga imel. Takalmi mai tsini wanda ban taɓa sawa ba. Mayafi ruwan toka. Burodi biyu a leda, da sauran ɗuminsu.

Abin da ke kan cinyata ke nan ranar Alhamis, a kujerar baya ta motar haya, tsakanin wata mata mai barci da wani mutum da ya rungume sabuwar fanka. Mun ci awa biyu a hanya, saura ɗaya mu isa gida.

Sannunku, masu bibiyata. Ku da kuka cika min akwatin saƙo da "Dakta, kin ba shi amsa kuwa?", a'a, har zuwa Alhamis ɗin nan ban ba shi ba. Sabbin zuwa kuma, ga ni a taƙaice. Shekarata talatin da ɗaya. Tara daga ciki na yi su a wata ƙasa mai sanyi ina karatun taurari. Bara na dawo, ina koyarwa a jami'a. A gidanmu duk wannan sunansa "har yanzu ba ta yi aure ba".

Waya ta yi ƙara. Fulawa ne.

Haka na ajiye sunansa tun ranar da ya fara zuwa wurina da garin fulawa a gira ɗaya, bai sani ba, ni kuma ban gaya masa ba. Shi ke kula da gidan burodin mahaifiyarsa a garin da nake aiki. Shi ya kawo min burodin nan tasha da safe.

"Kin ci?" ya rubuto.

"Na Baba ne."

"Ɗaya na Baba. Ɗaya naki. Ya Masifatu?"

"Tana ta kumbura."

"Ki ce mata ta rage yis."

Na yi dariya har mai fanka ya juyo ya dube ni.

Masifatu tauraruwa ce. Tana da suna na lambobi a littafi, amma ni haka nake kiranta. Ta ninka ranarmu sau sittin a nauyi, ta tsufa, kuma tsufan bai zo mata da haƙuri ba. Haskenta ya yi mata yawa, har yana ture fatarta ta waje, fatar tana fita a matsayin iska mai gudun kilomita ɗari huɗu a daƙiƙa ɗaya. Duk wata tana zubar da abin da ya kai nauyin duniyar nan da muke takawa. Shekaru dubbai da suka wuce ta taɓa yin wani babban fushi, ta watsar da kayanta gaba ɗaya, har yau suna nan zagaye da ita kamar zobe na hayaƙi. Irin waɗannan taurarin sukan yi shiru shekara da shekaru, sai rana ɗaya su kumbura, su yi sanyi, iskarsu ta yi kauri. Shekara shida ina gadinta, ko tari ba ta yi ba. Kwana goma sha biyu da suka wuce ta fara ƙara haske.

Samarin da aka turo min a baya, da zarar sun ji kalmar taurari sai su miƙo tafin hannu, wai in duba musu sa'a. Fulawa kuwa cewa ya yi, "To iskar da take hurawa, ina take zuwa?" Tambayar da na yi shekara shida a kai ke nan. Ba zan ce a nan na faɗa ba. Zan dai ce ban toshe lambarsa ba.

Takardar da ke cikin jakata kuma izini ce. Akwai wani babban madubin hangen taurari a kan dutse, a ɗaya gefen duniya, awa goma sha biyu tsakaninmu da su. Mutane kan yi shekara suna layi. Ni an ba ni awa ɗaya, saboda Masifatu ta motsa. Ba sai na je ba, daga kwamfutata zan ba da umarni. Awa ɗaya tak, domin bayan daren za a sauke na'urar da ke tsaga haske, a tafi gyaranta har wata biyar. In na rasa, farkon tashin Masifatu ya wuce ba mai shaida.

Ranar Litinin Mama ta kira ni. Mahaifiyar Fulawa tana son zuwa ta gan ni a gaban iyayena, Juma'a ko Asabar? Na duba takarda. An rubuta daren Juma'a, ƙarfe huɗu na asuba. Huɗun asubarsu huɗun yammarmu ce. Na ce, "Juma'a ina da aiki, Mama. A sa Asabar." Ku riƙe wannan: da bakina na zaɓi ranar.

Da na isa gida ranar Alhamis, na tarar an canza labulen falo, an sa ruwan zuma mai zanen ganye, har ƙasa. An fito da kofuna masu bakin zinare da ke cikin kabad tun ina firamare, waɗanda ba a taɓa shan ko ruwa da su ba. Hotona na ranar kammala karatu, mai hula da gezar nan, ya ɓace daga bango. An rataye kalanda a wurin.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta tare tun Laraba. Tana kan doguwar kujera tana ba da umarni da tsinken sakace.

"Ga Dakta, ga Dakta! Zo mu ga hannun. Wayyo ni, kamar na mai fasa dutse. Jami'ar taku ba a sayar da mai ne?"

"Ina wuni, Gwaggo."

"Lafiya lau. Wannan mayafin fa? Wa ya rasu?"

Yaya ta ja ni ɗaki tun kafin in sha ruwa. Tela ce, shagonta na bakin layinmu, kuma tun Litinin take kan kayan da zan sa a tarbi baƙi: leshi shuɗi mai duhu, da ƙananan duwatsu a wuya da bakin hannu, da ɗankwali mai tauri kamar kwali. Ta zura min rigar, allurai a bakinta.

"Ja numfashi. Ke abinci kike ci ko lissafi? Awon da na ɗauka watan jiya duk ya tashi a banza."

"Ta yi kyau, Yaya."

"Na sani. Ke ce matsalar. Miƙe kafaɗa."

Mama ta shigo ta jingina da ƙofa, ta ɗaga yatsu uku.

"Ki zauna har su tashi. Kada ki riƙa kallon mutane tsakiyar ido kamar 'yar sanda. In aka tambayi aikinki, ke malama ce."

"Malamar me?"

"Malama kawai. Ba mai tambayar ta me. Wancan ɗan kwangilar da kika zaunar kika yi wa bayanin yadda rana za ta mutu, ya ƙara dawowa?"

Bai dawo ba. Amma fa shi ya tambaya.

Tsoron Mama yana da tushe. Hajiyar Fulawa da tanda ɗaya ta fara a bayan gida, yau tana da ma'aikata ashirin, kuma rabonta da barin gidan burodin na yini guda an manta. Sau biyu Fulawa yana kai ta ganin yarinya. Duka biyun sun yi komai daidai, gaisuwa, sunkuyar da kai, zuba shayi ba ɗigo. Ta sha, ta ce Allah ya yi albarka, ta koma mota, ba ta ƙara ambaton ko ɗaya ba. Ba wanda ya san abin da take nema. Har ɗanta.

Da safiyar Juma'a na kwashi kayana zuwa ɗakin Baba. Mai gyaran agogo ne. Ya bar rumfarsa ta kasuwa tuni, amma tsofaffin abokan ciniki suna biyo shi gida, don haka ɗakin da ke kusa da ƙofar waje cike yake da agoguna, bango huɗu, sun fi talatin, duk suna tafiya tare. Sabis ya fi ƙarfi a tagarsa. Na share gefen teburi tsakanin ƙananan sukurori da kwalbar mai, na jona batir, na gwada intanet. Komai lafiya.

Baba yana cin burodinsa da shayi. Ya ɗauki takardata, gilashin aikinsa manne a ido ɗaya. Ba ya iya ganin lambobi ya wuce.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Mutanen nan naku, darensu daga ina yake farawa?"

"Daga faɗuwar rana."

"To. An ce daren Juma'a. Rana ta faɗi musu ranar Juma'a. Suka kama aiki, suka yi ta yi, suka wuce sha biyu. Ƙarfe huɗu na asuba kuma, wace rana ce?"

Na karɓi takardar na sake dubawa.

"Asabar," in ji Baba a hankali. "Ɗora awa sha biyunki a kai."

Ban san ko za ku gane girman abin kunyar ba. A wuraren hangen taurari ba a raba dare biyu. Duk daren, har gari ya waye, sunan ranar da rana ta faɗi yake ɗauka. Na san wannan shekara tara. Na koyar da shi. Na taɓa rage wa ɗalibi maki a kansa. Sai ga shi na ga "Juma'a", na ga "huɗu", na haɗa su kamar wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Awata ba yau ba ce. Gobe ce, Asabar, huɗu zuwa biyar na yamma.

Baba ya cire gilashin ya goge ido, kafaɗunsa suna rawa.

"Shekara tara. Ni uku na yi a wajen maigidana."

"Baba, ba abin dariya ba ne."

"Wallahi shi ne. Je ki gaya wa uwarki, ni zan tsaya a nan inda lafiya take."

Mama tana goge kofuna. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ajiye kofin a hankali kamar ƙwai.

"Ki kira su ki ce su ɗaga."

"Ba a ɗagawa, Mama."

"To ki yi da daddare."

"Lokacin rana ce a can. Ba a ganin tauraro."

"Wai tsaya," in ji Gwaggo. "Ba ke kika ce min hasken abin nan shekara dubu ashirin yake yi a hanya kafin ya iso ba?"

"Haka ne."

"Wanda ya yi tafiyar shekara dubu ashirin, awa ɗaya ce zai kasa jira?"

Yaya ta fashe da dariya a bakin ƙofa, Mama ta harare ta.

"Ba ki da abokin aiki?" Mama ta ce. "Duk duniyar nan ke kaɗai ce mai ido?"

Ina da shi. Dogo, wanda muka yi karatu tare, yana can ƙasar sanyi, sunansa na cikin takardar. Mutumin kirki ne, amma sau biyu kacal ya taɓa duban Masifatu. Zai bi abin da na rubuta layi-layi, ko da tauraruwar ta canza ra'ayi.

Na fita tsakar gida na kira Fulawa. Ya yi dariya har na ji wani ma'aikaci yana tambayarsa ko lafiya.

"Ka gama?" na ce.

"Saura kaɗan. 'Yar mai gyaran agogo!"

"Ku zo da wuri. Ƙarfe biyu."

"Ba ta fita sai an sauke burodin rana, ƙarfe ɗaya. Tafiyar awa uku ce. Biyar kuma za ta ce mu juya."

"To wani satin."

"Ta raba wa kowa aikinsa tun jiya, ta sa an wanke mota. In na ce a ɗaga, ba za ta yi faɗa ba. Za ta ce to. Kin san irin 'to' ɗin."

"Ka gaya mata gaskiya mana."

Ina jin ƙarar injin kwaɓa a bayansa.

"Gaskiyarki ce, Dakta, ba tawa ba. Ni ba zan ce ki bar Masifatu ba. Ba kuma zan ce miki Hajiya za ta fahimta ba, don ban sani ba. Abin da na sani, ni dai ina so."

"Kana son me?"

"Kin ji ni sarai. Burodi na jirana."

Ya kashe. Na tsaya da waya a hannu kusa da igiyar shanya. Da ya ce min "kada ki damu, komai zai yi daidai", da na samu abin raina shi. Bai ba ni ba.

Na rubuta wa Dogo: "Ka zauna a shirye. In huɗu da minti biyar ta yi ban hau ba, ka karɓa." Ya amso da hoton babban yatsa har uku. Na ji haushin yatsun nan fiye da kima.

Asabar tun ƙarfe biyu aka fara aikina. Yaya ta ɗaura ɗankwali sau huɗu kafin ta yarda. Hoda, jan baki, kwalli, awarwaron Mama guda shida, turaren Gwaggo mai shiga maƙogwaro. Takalmin ya ƙara min tsawo ya rage min hankali. Na dubi madubi na ga wata kyakkyawar mace da ban sani ba, da alama ba ta da wata damuwa a sama ko a ƙasa.

"Wayar fa?" in ji Mama, ta miƙo hannu.

Na ba ta. Ta sa a aljihun zaninta.

Huɗu saura ashirin mota ta tsaya. Hanya ta yi musu kyau. Ta labule na hango Fulawa cikin farin yadi, girarsa tas, Baba ya ja shi benci a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida. Hajiya ta shigo da ƙanwarta, wadda daga sallama ba ta ƙara cewa komai ba.

Na zaci zan ga doguwar mace mai gwala-gwalai. Gajeriya ce, farin mayafi ba ado, agogon maza a hannun hagu. Da ta miƙa hannu ta karɓi kofi, na ga tabon ƙuna a damtsenta, layi-layi, tsofaffi da sababbi.

Na durƙusa na gaishe ta. Na zuba shayi. Bai ɗiga ba. Aka yi maganar hanya, da zafi, da tsadar sukari. Gwaggo ta ba da labarin yadda nake da kunya tun ina ƙarama, labarin da ni ma ranar na fara jin sa. Agogon falo ya nuna saura minti shida.

Hajiya ta juyo ta dube ni.

"An ce kina aiki."

"Malama ce," Mama ta yi saurin cewa.

"Na ji. Ta me?"

Na dubi Mama. Idonta yana roƙona. Na dubi kafet, na ga inda aka ja kujera aka rufe tsohon tabon shayi.

"Taurari, Hajiya."

Cokalin Gwaggo ya faɗi a faranti.

"Duba kike yi?"

"A'a. Awo. Akwai manyan taurari da in sun tsufa suke fitar da iska, su zubar da jikinsu kaɗan-kaɗan kafin su mutu. Iskar nake aunawa."

"Akwai ta da barkwanci," in ji Gwaggo. "Ƙara biskit, Hajiya."

Hajiya ba ta ɗauki biskit ba. Ba ta kuma yi murmushi ba. Fuskarta kamar ƙofar da aka kulle ta ciki.

Sai agogunan Baba suka buga. Duka talatin da 'yan kai, lokaci guda, masu ƙararrawa da masu tsuntsu da wani tsoho mai tari. Huɗu.

Ku yarda da ni, ban yi wani dogon tunani ba. Na dai ga kaina nan da shekara ashirin ina zuba shayi ba ɗigo, ina ce wa mutane ni malama ce kawai. Na miƙe.

"Hajiya, ki gafarce ni. Akwai tauraruwar da na yi shekara shida ina jira ta motsa, ta motsa. An ba ni awa ɗaya in auna ta, daga yanzu zuwa biyar, ba kuma za a sake ba ni ba. Ni na yi kuskuren lissafin rana, ba iyayena ba. Na san daga nesa kika zo. Zan je in yi aikin."

"Zauna," Mama ta ce ta cikin haƙora.

"Ki yi haƙuri, Mama."

Na cire takalmin na bar shi a kan kafet. Na tattare leshin Yaya da hannu biyu, na ratsa tsakar gida da gudu, awarwaro suna ta ƙara.

Huɗu da minti uku na hau. Saƙon Dogo yana jira: "In karɓa?" Na rubuta, "Cire hannunka." Na tura ɗankwalin baya, na sa abin ji a kunne. Muryar matar da ke sarrafa madubin ta zo daga can kan dutsen, cikin sanyin asubarsu. Ta ce sama tas take, madubi yana kan tauraruwata, me nake so?

Na ce a fara da ɗan gwaji. Hoton ya sauko, na gan shi fari fat. Masifatu ta ƙara haske tun shekaranjiya, fiye da duk abin da na lissafa. A takarda na rubuta a buɗe na'ura minti biyar-biyar. Da Dogo ne, da ya bi takardar, da awar nan kaf ta ƙone. Na rage zuwa daƙiƙa arba'in. Na ce a karkata tsagar na'urar kaɗan, ta ratsa tauraruwar ta kuma taɓa gefen zoben, inda na san hayaƙin ya fi kauri.

Daƙiƙa arba'in. Agoguna suna ta taka rawarsu. Gumi yana bin hodar Yaya.

Layin ya fito a allo. In aka tsaga hasken tauraro kamar bakan gizo, iskarsa takan bar alama, tudu da rami a gefensa, kuma nisan ramin daga tudun shi ne gudun iskar. Shekara shida ramin Masifatu yana wuri ɗaya, na san shi kamar tabon da ke goshina. Yau ya matso. Ya yi zurfi, ya yi faɗi. Na auna, na sake aunawa. Ɗari da sittin. Daga ɗari huɗu. Iskar ta yi nauyi ta rage gudu, ga kuma sababbin layuka na ƙarfe da ban taɓa gani a jikinta ba, sun fito jere kamar haƙoran jariri.

Na yi ihu. Ba ƙaramin ihu ba. Matar kan dutse ta yi dariya a kunnena, ta ce a ci gaba? Na ce a ci gaba, a ci gaba, kada a tsaya.

"Me ya ƙone?"

Na juya. Hajiya ce a bakin ƙofa, jakarta a hammata. A bayanta Mama, da Gwaggo, da Yaya riƙe da takalmina.

"Ba abin da ya ƙone, Hajiya. Saura ƙiris dai."

Ta shigo ba tare da an ce ta shigo ba. Ta ja kujerar Baba ta zauna kusa da ni, ta matso da fuska ga allo.

"Ina tauraron? Ni zane nake gani."

"Zanen ne ita. Kin ga ramin nan? Da a nan yake. Ta kumbura, fatarta ta yi sanyi, iskar da take fitarwa ta yi kauri."

"Wannan ɗan tsinin na gefe fa?"

"Abin da ta zubar ne tun da daɗewa. Yana kewaye da ita har yanzu. Wata rana sabuwar iskar za ta cim ma tsohuwar."

"Me ya sa kika ce saura ƙiris?"

"Na rubuta minti biyar a takarda. Da na zo na ga ta fi yadda na bar ta haske, sai na rage."

"Ba ki bi takarda ba."

"Takardar ta shekaranjiya ce."

Ta yi wani ɗan sauti a hanci. Hoto na gaba ya sauko, na duba, na ce wa matar kan dutse a ƙara daƙiƙa goma. Hajiya tana kallon hannuna, ba allon ba.

"Hajiya, don Allah ki yi haƙuri," Mama ta fara daga bakin ƙofa. "Yarinyar nan ta daɗe a waje, ba haka muka..."

"Ranar da dangin mijina suka zo ganina," in ji Hajiya, ba ta ko juya ba, "ina da burodi arba'in a tanda. Na kwana biyu ina tara kuɗin fulawar. Uwata ta ce in zauna har su tashi. Na zauna. Ina jin ƙaurin yana shigowa ta taga, ina murmushi, ina zuba musu ruwa." Ta gyara agogon hannunta. "Sun yaba da tarbiyyata ƙwarai. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, har yau in na tuna sai na ji ƙaurin nan."

Gwaggo ta buɗe baki, Yaya ta taka mata ƙafa.

"Saura minti nawa?" Hajiya ta tambaye ni.

"Talatin da huɗu."

"Surutu yana dame ki?"

Na dubi Mama, na dubi Gwaggo. Na ce, "Kaɗan."

Ta miƙe, ta taka zuwa ƙofa. Ko kafaɗar Mama ba ta kai ba, amma su ukun suka ja baya tare.

"Ku je ku sha shayinku kada ya huce. Ba a buɗe wa mai aiki ƙofa ana rufewa. A gaya wa wancan na kan benci ya daina leƙen taga, wuyansa zai ƙage. A kuma gaya wa maigidan nan, sati mai zuwa kawunnan yaron za su zo."

"Hajiya, ai ba ki ko..." in ji Gwaggo.

Ta rufe ƙofar. Ta murza makulli. Ta dawo ta zauna, ta ɗora jakar a cinya.

"Na yi gaban kaina," ta ce. "Ɗana ya ce min ba ki ba shi amsa ba. In a'a ce, faɗa min yanzu, in buɗe in janye maganata da bakina."

Sabon hoto yana saukowa, layi bayan layi. Ban ɗauke ido daga kansa ba.

"E ce, Hajiya. Zan aure shi. Amma kada wanda ya gaya masa sai biyar ta buga."